Cutar da ke zuwa cikin wasiƙa: yadda bairos ke shiga kwamfutar gida ta imel, da iyakar abin da manhajar rigakafi za ta iya

Wata ranar Asabar bayan la'asar kawuna, wanda ya shekara talatin yana koyarwa kafin ya yi ritaya ya koma riƙe wa wata ƙungiyar manoma lissafi, ya shigo gidana da kwamfutarsa a hammata, ya ajiye ta a gabana ko gaisawa ba mu gama ba. Tun safe mutane ke kiransa suna tambayar wace takarda ce ya aiko musu ta imel, alhali shi bai aika wa kowa komai ba. Da muka bi diddigi sai muka tarar cewa kwana uku kafin nan wani saƙo ya shigo masa da sunan wani tsohon abokin aikinsa, a matsayin amsa ga wata wasiƙar gaske da suka yi musaya watannin baya, an kuma maƙala wa saƙon takardar Word da aka ce lissafin kuɗin taki ne. Da ya buɗe takardar sai ta fito dishi-dishi, da wani rubutu a samanta mai cewa sai ya danna wani maɓalli kafin ta fito sosai. Ya danna, bai ga wani canji ba, ya rufe ya ci gaba da harkarsa. Na ce masa: "Kawu, da kun kira Malam ɗin kun ji ko shi ya aiko." Sai ya ce: "Ɗana, ai na san mutumin, kuma akwai maganin bairos a cikin kwamfutar nan, kuɗi na biya aka sa mini."

Zato biyu ne a cikin wannan amsa, kuma a kansu yawancin masu kwamfuta a gida suke tafiya. Na farko shi ne cewa saƙon da ya zo da sunan wanda ka sani daga gare shi ya fito, na biyu kuma cewa manhajar rigakafi, wadda aka fi sani da anti-bairos, katanga ce da babu abin da ke tsallake ta. Duka biyun ba haka suke ba, kuma a ganina sanin dalilin da ya sa ba haka suke ba ya fi sayen kowace irin manhaja amfani. Ita kalmar bairos da muke yi wa kowace cutar kwamfuta kuɗin goro da ita, a wurin masana nau'i ɗaya take nufi, wato manhajar da ke liƙe wa wani fayil tana hayayyafa ta cikinsa. Akwai wadda suke kira tsutsa saboda tana yaɗa kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan, akwai kuma wadda ke shigowa da siffar abu mai amfani, kura da fatar akuya, kuma ita ce ta fi yawa a imel ɗin yau. Ga mai kwamfuta a gida bambancin sunayen ba shi da wani nauyi, saboda haka zan ci gaba da kiransu bairos kamar yadda aka saba.

Dabarar fakewa da sunan wanda aka sani tsohuwa ce. A ranar 26 ga Maris 1999 wata bairos mai suna Melissa ta ɓulla a Amurka a cikin takardar Word. Duk wanda ya buɗe takardar, sai wani ɗan umarni da ke ɓoye a cikinta, wanda ake kira makaro, ya shiga littafin adireshinsa na manhajar Outlook ya aika da kwafin takardar ga mutum 50 na farko, da sunansa, ƙarƙashin taken cewa saƙo ne mai muhimmanci. Duk wanda ya buɗe daga cikin hamsin ɗin nan shi ma sai ya aika wa nasa hamsin ɗin ba da saninsa ba, har ta kai manyan kamfanoni sun rufe hanyoyin imel ɗinsu saboda cunkoso. An kama wanda ya rubuta ta, David L. Smith, mazaunin jihar New Jersey, aka yanke masa ɗaurin wata 20 a shekarar 2002.

Wadda ta biyo baya ta fi ta ɓarna, kuma akwai darasi a cikinta da har yau yake aiki. A ranar 4 ga Mayu 2000 wani saƙo mai taken ILOVEYOU ya taso daga Manila, babban birnin Filifins, ɗauke da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Kowane fayil a kwamfuta yana da suna, yana kuma da wutsiya, wato 'yan haruffan da ke bayan ɗigo na ƙarshe, kuma wutsiyar ce ke gaya wa Windows yadda za ta yi da shi. Fayil mai wutsiyar txt rubutu ne zalla da ba ya iya aikata komai, mai jpg hoto ne, amma mai exe ko vbs ko js ko scr umarni ne da kwamfuta za ta zartar da zarar an buɗe shi. Da yake Windows kan ɓoye wutsiyar ƙarshe, abin da mutane suka gani shi ne suna mai ƙarewa da TXT, sai suka ɗauka wasiƙa ce kawai. Da suka buɗe, ta lalata musu hotuna, ta kuma aika kanta ga duk wanda ke cikin littafin adireshinsu, ba mutum hamsin kaɗai ba. Majalisar Dokokin Birtaniya da ma'aikatar tsaron Amurka suna cikin waɗanda suka rufe imel ɗinsu na wani lokaci. Ɗalibin da ya rubuta ta, Onel de Guzman, bai sha ɗauri ba domin a lokacin ƙasarsa ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi, sai a watan da ya biyo baya aka kafa ta, kuma a 2020 ya amsa cewa ya rubuta ta ne don ya saci kalmomin sirrin shiga intanet saboda ba shi da kuɗin biya. Har yau Windows tana zuwa da wutsiyar a ɓoye, amma bayyana ta aikin minti ɗaya ne a cikin tsare-tsaren File Explorer, a wurin da aka rubuta "File name extensions", kuma shi ne abu na farko da nake yi wa kowace kwamfuta da aka kawo mini.

Sai dai ko da kwamfutar abokinka lafiyarta lau, saƙo yana iya zuwa da sunansa. An tsara ƙa'idar aika imel a 1982, lokacin da masu amfani da ita 'yan tsiraru ne da suka yarda da juna, saboda haka layin da ke nuna sunan mai aikowa daidai yake da sunan da ake rubutawa a bayan ambulan: mai aikawa ne ke rubuta abin da ya ga dama. Bairos ɗin Klez, wadda ta addabi duniya a 2002, ta ci ribar wannan sosai. Idan ta kama kwamfutar mutum, sai ta tsinci adireshi biyu a ciki, ta aika wa ɗaya da sunan ɗayan, wanda aka yi amfani da sunansa ya yi ta shan zargi yana ba da haƙuri, shi kuwa ainihin mai ɗauke da cutar bai ma san yana ɗauke da ita ba. Mydoom, wadda ta ɓulla a Janairun 2004, ta zo da siffar sanarwar cewa wani saƙonka bai isa inda ka aika shi ba, mutum ya buɗe don ya ga wane saƙo ne, kuma duk da ladan dala 250,000 da aka sa, har yau ba a kama wanda ya rubuta ta ba. Manyan masu ba da akwatin imel irin su Gmail da Outlook sun ƙara hanyoyin tantance asalin saƙo, wanda ya rage wannan ƙaryar ƙwarai, amma tantancewar ba ta da abin cewa idan an sace kalmar sirrin abokinka aka aiko da saƙon daga ainihin akwatinsa, ko aka buɗe wani adireshi da ya bambanta da nasa da harafi ɗaya tak.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini, ko buɗe saƙo kawai ba tare da taɓa abin da aka maƙala masa ba yana iya sa cuta. A zamanin Klez hakan ya faru, saboda wata ɓaraka a manhajar karanta imel ta wancan lokaci, wadda daga baya aka toshe. A yau, ga wanda manhajojinsa ke samun sabuntawa, hakan abu ne mai wuyar aukuwa, kuma haɗarin yana cikin abu uku ne da duk sai da hannun mutum: buɗe fayil, danna mahaɗin da ke kai mutum wani shafi, da rubuta kalmar sirri a shafin.

Abin da ya canza tsakanin wancan zamani da yanzu shi ne manufa. Masu rubuta bairos na farko yawancinsu suna suke nema, saboda haka cutarsu mai hayaniya ce, kowa ya san ta shigo. Na yanzu kuɗi suke nema, kuma mai neman kuɗi ba ya so a ji motsinsa. A Satumban 2013 CryptoLocker ta fito, tana zuwa cikin ƙunshin zip da siffar takardar PDF daga kamfanin aika kaya, ta kulle takardu da hotunan mutum da wani makulli na lissafi da ba ya ɓalluwa, sannan ta nemi kuɗin fansa, yawanci dala 300 cikin kwana uku. Wasu kuma ba sa kulle komai, zama suke yi shiru suna kwashe kalmomin sirrin da aka adana a manhajar shiga intanet, suna nadar duk abin da aka buga a kan allon rubutu. Wannan sana'a ba ta wata nahiya ce kaɗai ba, domin a Nuwamban 2020 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol tare da 'yan sandan Najeriya sun sanar da kama mutum uku a Legas da ake zargi da rarraba irin waɗannan manhajoji na satar bayanai ta saƙonnin imel masu kama da odar kaya.

Salon da ya kama kawuna kuwa wata ƙungiyar masu kutse da ke bayan bairos ɗin Emotet ce ta shahara da shi. Idan suka shiga kwamfutar mutum ɗaya sai su kwashe tsofaffin wasiƙunsa, su ɗauki hirar da ya yi da wani da gaske, su amsa ta da sunansa, tsohon rubutun yana nan a ƙasa yadda yake, su maƙala takarda mai cuta. Da ɗan gari akan ci gari, kuma babu wani abin mamaki idan mutum mai hankali ya faɗa wannan rami, domin duk alamomin da aka koya masa ya duba suna nan daidai. A Janairun 2021 'yan sandan ƙasashe takwas ƙarƙashin jagorancin Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka ƙwace na'urorin ƙungiyar, amma kafin shekarar ta ƙare ta sake dawowa. A 2022 Microsoft ta sa manhajojinta na Office su daina zartar da makaro a takardun da suka zo daga intanet, wanda ya toshe ƙofar da Melissa ta buɗe shekara ashirin da uku baya, amma ga masu sabunta manhajarsu kaɗai. Wanda ke amfani da tsohon Office da ba a taɓa sabuntawa ba, har yau maɓallin nan mai rubutun "Enable Content" yana nan yana jiran yatsarsa, kuma shi kawu ya danna. Su kuwa masu kutsen sai suka koma wasu hanyoyin: fayil mai wutsiyar iso ko lnk, takardar OneNote, da kuma ƙunshin zip da aka kulle da kalmar sirri aka rubuta kalmar a cikin saƙon. Wannan na ƙarshen yana da kamar ƙarin tsaro a idon mai karɓa, alhali an kulle ƙunshin ne domin na'urorin tantancewa na Gmail da makamantansu su kasa leƙa cikinsa.

Yanzu sai mu dubi ita manhajar rigakafin. Hanyarta ta asali ta yi kama da mai gadin da aka ba hotunan duk ɓarayin da aka taɓa kamawa, yana tsaye a bakin ƙofa yana gwada fuskar duk mai shigowa da hotunan da ke hannunsa. Kamfanin da ya yi manhajar yana tattara samfurin cututtuka, ya fitar da wata alama ta musamman daga jikin kowace, ya aiko da alamomin zuwa kwamfutarka, kuma abin da ake nufi da sabunta anti-bairos ke nan. Raunin wannan hanya a bayyane yake, domin ɓarawon da ba a taɓa kamawa ba babu hotonsa. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, wadda aikinta shi ne gwada waɗannan manhajoji, ta daɗe tana bayyana cewa tana samun sababbin samfura sama da 450,000 a kullum. Yawancinsu tsofaffin cututtuka ne da aka sake wa riga, kuma masu su kan gwada su a kan fitattun manhajojin rigakafi kafin su sake su, su yi ta gyara har sai sun ga ba mai gane su. Tsakanin sakin sabuwar riga da isowar alamarta akwai tazarar awanni, wani lokaci kwanaki, kuma a cikin wannan tazara ake aika saƙonnin.

Don cike wannan giɓi manhajojin yanzu sun ƙara hanya ta biyu, wato lura da take-taken abin da ya riga ya shigo. Idan takardar Word ta fara kiran wani sashe na Windows tana sauko da fayil daga intanet, ko wata manhaja ta fara canza ɗaruruwan hotuna a cikin daƙiƙa kaɗan, sai a dakatar da ita ko da babu hotonta a hannu. Suna kuma tambayar rumbun kamfaninsu ta intanet game da duk fayil ɗin da ba su sani ba. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa anti-bairos ba ta da amfani. Amma mai gadin da ke hukunci da take-take yana iya kama marar laifi, kamar yadda ya faru a Afrilun 2010 lokacin da wata sabuntawa ta manhajar rigakafin McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutoci masu yawa suka kasa tashi. Dalilin da ya sa manhajojin kan killace abin da suka kama maimakon goge shi nan take ke nan, domin a iya mayar da shi idan kuskure ne. Akwai kuma inda ba ta da abin kamawa gaba ɗaya: idan saƙo ya kai ka shafin da aka yi wa kama da na bankinka ko na imel ɗinka, ka rubuta kalmar sirrinka da hannunka, babu wata cuta da ta shiga kwamfutar, amma an riga an yi satar.

Game da wacce za a sa, ra'ayina shi ne yawancin gidaje ba sa bukatar sayen komai. Tun daga Windows 8 a 2012 kowace Windows tana zuwa da rigakafinta a ciki, wadda yanzu ake kira Microsoft Defender, kuma a gwaje-gwajen AV-TEST da na AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya tana kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya a shekarun nan. Wanda ya fi son Bitdefender ko ESET ko Kaspersky ko Avast, babu laifi, matuƙar daga shafin kamfanin ya sauko da ita kuma lasisinsa na gaskiya ne. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyu masu gadi a lokaci guda, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya: kowace za ta riƙa kallon ɗayar a matsayin baƙuwa mai shisshigi, kwamfuta ta yi nauyi, tsaron kuma bai ƙaru ba.

Matsalar da na fi gani a kwamfutocin da ake kawo mini ba ta rashin manhaja ba ce, ta gawar manhaja ce. A kwamfutar kawu akwai tambarin anti-bairos a kusurwar allo, amma da na buɗe sai na ga lasisinta ya ƙare fiye da shekara guda, alamomin da ke hannunta ma na wancan lokacin ne. Wanda ya ɗora masa ita a kasuwa ya yi amfani da fasasshen kwafi, ya kuma kashe rigakafin Windows gaba ɗaya domin ya samu damar ɗora wasu fasassun manhajojin, bai sake kunna ta ba. Wannan abu ya zama ruwan dare a wurinmu, inda ake sayen kwamfuta ta hannu a ce a cika ta da manhajoji a kan kuɗi kaɗan, kuma yana ci mini rai domin mutum ya biya kuɗinsa da kyakkyawar niyya ya tafi gida da ƙofa a buɗe. Fasasshiyar manhaja ita kanta sananniyar hanya ce ta shigo da cuta, saboda haka wanda ya sa fasasshiyar anti-bairos yana iya zama garin neman gira ya rasa ido. Sai kuma batun data. Mutane da yawa suna dakatar da duk wata sabuntawa don kada ta cinye musu data, kuma ban ga laifinsu ba idan aka dubi tsadarta, amma ya kamata a bambance abu biyu: alamomin da anti-bairos ke saukowa da su kullum ƙanana ne, ba su kai kallon gajeren bidiyo ci ba, manyan su ne na Windows kanta, waɗanda Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma ana iya jiran su har a samu data mai araha ta dare ko Wi-Fi na wurin aiki.

Jira na 'yan kwanaki daban, bari gaba ɗaya daban. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sabuntawar Windows ita ce yaɓen tsagar. WannaCry, wadda ta bazu a ƙasashe sama da 150 daga ranar 12 ga Mayu 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, ba ta imel ta bi ba, ta wata ɓaraka ta bi wadda aka riga aka fitar da gyaranta tun watan Maris na shekarar. Wanda ke kan Windows 7 ya sani cewa an daina yi mata gyara tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi.

Abin da ya rage bayan wannan duka ɗabi'a ce, kuma mafi ƙarfinta ita ce mafi arha. Idan fayil ya zo maka ba ka sa ran zuwansa ba, ko daga wa ya fito, kira mai shi a lambar da ka riga ka sani ka tambaye shi, kada ka amsa ta cikin saƙon domin mai yiwuwa ɓarawon ne zai ba ka amsa. Saƙon da ke ɗaga maka hankali, cewa za a rufe asusunka yau, ko an ɗauke ka aiki sai ka cike takarda kafin dare, ko ga shaidar kuɗin da aka tura maka, shi ya fi cancanta a yi masa jinkiri, domin gaggawar ita ce ƙugiyar. Takardar da ake shakka ana iya duba ta a cikin shafin Gmail ba tare da an sauko da ita ba, ana kuma iya ɗora ta a shafin VirusTotal, mallakar Google, inda manhajojin rigakafi gommai za su duba ta a lokaci guda, sai dai kada a ɗora takardar sirri domin abin da aka ɗora masu bincike suna iya ganinsa. A gidan da yara ke amfani da kwamfutar, a buɗe musu asusu na daban marar ikon ɗora manhaja, ta yadda ko sun danna abin da bai kamata ba ɓarnar za ta tsaya a ɗakinsu.

Tsoron bairos shi kansa ya zama haja. A 2002 wani saƙo ya yi ta yawo yana gargaɗin mutane su nemi wani fayil mai suna jdbgmgr.exe mai hoton 'yar tsana su goge shi, su kuma sanar da duk wanda suka sani. Kowa ya duba ya same shi, domin fayil ne na Windows na halal, babu wata cuta sai gargaɗin kansa. Jikokin wannan ƙarya su ne shafukan da ke buɗewa da jan launi da ƙara suna cewa an gano cuta kaza a kwamfutarka, ka danna nan ko ka kira wannan lamba, da saƙonnin imel da ke cewa an cire maka kuɗin sabunta Norton ko McAfee alhali ba daga kamfanonin suka fito ba. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarka, saboda haka duk gargaɗin da ya fito daga cikin shafi rufe shi ake yi.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, a fara da raba kwamfutar da intanet, a cire duk filashi ko rumbun waje da ke jikinta. Daga nan a ɗauki wata na'ura mai tsabta, waya ma ta isa, a canza kalmar sirrin imel kafin ta komai, domin ta imel ake sake saita sauran kalmomin sirri duka, sannan ta banki da ta shafukan sada zumunta. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato wadda bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa waya, a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a kuma duba tsare-tsaren akwatin ko an sa umarnin tura kwafin saƙonni zuwa wani baƙon adireshi, wanda abu ne da ake yawan mantawa, kuma mun same shi a akwatin kawu. Bayan haka a yi cikakken bincike, musamman irin wanda Defender ke yi kafin Windows ta gama tashi, lokacin da cutar ba ta samu damar ɓuya ba. Idan kwamfutar da ake harkar kuɗi da ita ce, ni na fi natsuwa da a kwashe takardu a goge ta gaba ɗaya a ɗora sabuwar Windows ta halal, domin bairos ta farko sau da yawa aikinta kawai ta buɗe wa wasu ƙofa, kuma kama ta ba ya nufin an kama baƙin da ta shigo da su.

Wanda aka yi garkuwa da fayilolinsa kuwa, cire cutar ba ya buɗe abin da ta kulle, biyan fansa ma ba shi da tabbas. Akwai shafin No More Ransom da Europol da 'yan sandan Holan suka kafa tare da wasu kamfanonin tsaro a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in kyauta, amma ba duka ba. Abin da ke ceto a nan shi ne kwafin da aka ajiye tun kafin a shiga uku, a rumbun waje da ake jonawa a kwafa sannan a cire a ajiye, domin rumbun da aka bari a jone kullum tare da kwamfutar ake kulle shi. Ajiya a Google Drive ko OneDrive tana taimakawa, sai dai foldar da ke daidaita kanta da kwamfuta tana iya kwafe lalatattun takardun a kan lafiyayyu, kuma dawo da tsofaffin yana da wa'adi.

Fayilolin kawu ba a kulle su ba, kalmomin sirrinsa aka kwashe. Mun kai har bayan isha'i muna canza su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kiran mutanen ƙungiyarsa yana ce musu kada su buɗe takardar takin, biyu daga cikinsu sun riga sun buɗe. Washegari muka kwashe lissafin shekara huɗu na ƙungiyar zuwa wani rumbun waje, muka goge kwamfutar muka ɗora mata sabuwar Windows, muka bar Defender a kunne. Rumbun yana cikin durowar da yake ajiye takardun fanshonsa, kuma duk ranar Juma'a bayan ya dawo daga masallaci yake fito da shi ya kwafa abin da ya ƙaru a makon.